Asalin Ƙanshin Tsire-tsire da Abin da Ya Shafi Manoma a Cikinsa

An shirya wannan bayani ne domin hakimai da malamansu, tun da ya ke su a kan fara kai wa maganar gona da ta daji kafin ta isa wurin ma'aikatan gona. Mai karatu zai iya ɗaukar batun ƙanshin ganye ƙaramar magana, irin wadda ta dace da masu sayar da turare. Amma darajar cittar da a ke nomawa a kudancin Kaduna, da maganin zazzaɓin cizon sauro da a ke bayarwa a asibiti, da ƙudujin da ke cinye dawa a gonakin da suka gaji, duk suna rataye da wannan magana. Masana sun gano yawancin hanyar da tsiro ke bi ya yi ƙanshi, har sun san wurin da umurnin yinsa ya ke a rubuce. Abin da suka gano shi za a bayyana a nan, gwargwadon yadda zai amfani mai riƙon ƙasa.

Abin da hanci ke ji

Kowa ya sani idan aka murza ganyen na'ana'a ko na ɗaɗɗoya, nan da nan ƙanshi ya kan tashi. Abin da ke tashi ɗin wani mai ne marar nauyi, mai saurin bin iska, wanda tsiron ya ajiye cikin waɗansu 'yan jakunkuna da ba a ganinsu sai da madubin likita. Murzawa ita ke fasa su. Yaran da ke matsa ɓawon lemo kusa da fitila don su ga tartsatsi, wannan mai su ke ƙonawa.

Mafi yawan irin waɗannan mayuka dangi ɗaya ne, masana suna kiransu tarfin. Sunan ya samo asali daga tarfantin, watau man nan da masu fenti ke tsinka fenti da shi, wanda a ke tacewa daga ƙaron waɗansu itatuwa na ƙasashen sanyi. An san iri fiye da 80,000 cikin wannan dangi. A cikinsu akwai ƙanshin lemo, da na citta, da na kimba, da na kafur, da na ƙaron hano da na dashi, da na ganyen itacen turare. Akwai kuma waɗanda suka yi nauyi har ba su iya tashi, saboda haka ba su da ƙanshi: ɗacin darbejiya yana cikinsu, da jan da ke cikin manja da karas, har da robar da a ke yin taya da ita. Amma kada a ɗauka kowane ƙanshi tarfin ne. Warin tafarnuwa, da mafi ƙarfin ƙanshin kanumfari, da yajin da ke cizon harshe cikin citta, kowannensu daga wani gida dabam ya fito.

Tubali ɗaya, gini iri iri

Cikin shekarar 1887 wani masani Bajamushe, Otto Wallach, ya lura da wani abu bayan ya daɗe yana tace mayukan tsire-tsire yana auna su. Ya ga ko da ya ke ƙanshinsu ya sha bamban, duk kamar an gina su ne da tubali iri ɗaya, wanda ke da ƙwayoyin kabon 5. Kabon shi ne asalin gawayi, shi ne kuma ginshiƙin jikin kowane mai rai. An ba Wallach kyautar Nobel a 1910. Wani masani a birnin Zurich, Leopold Ruzicka, ya ɗora a kan aikinsa, shi ma ya sami wannan kyauta a 1939, sa'an nan a 1953 ya tsara ƙa'idar yadda mai rai ke harhaɗa waɗannan tubala.

Lissafin mai sauƙi ne. Tubali 2 sun ba da kabon 10, watau ajin ƙanshin lemo da na'ana'a da kafur, masu saurin tashi da saurin gushewa. Tubali 3 sun ba da 15, ajin babban man citta, wanda ya fi jimawa a hannu. Tubali 4 sun ba da 20, a nan a ke samun yawancin ƙaro mai danƙo. Daga 30 zuwa 40 an shiga wajen ɗaci da launi. Roba kuwa tubali dubbai ne a jere. Haka magini ke yin rumbu da masallaci da ganuwa, alhali kuwa tubalinsa bai sake ba.

Tubalin kansa daga sukari tsiro ke yinsa, sukarin kuwa daga iska da ruwa da hasken rana. A 1956 aka gano hanya ta farko, aka kusa shekara 40 ana zaton ita kaɗai ce. Sai a 1993 wani Bafaranshe, Michel Rohmer, ya nuna akwai ta biyu a cikin waɗansu ƙwayoyin cuta, ba da daɗewa ba kuma aka tarar tsire-tsire suna da dukansu biyun. A galibi hanyar farko ita ke ba da masu kabon 15 da 30, ta biyu kuma, wadda ke cikin wuraren nan masu sa ganye ya yi kore, ita ke ba da masu 10 da 20 da 40. Jikin ɗan Adam ba shi da hanya ta biyu, amma ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana da ita, saboda haka masu neman magani suka sa mata ido.

Ma'aikatan da ke cikin ganye

Idan aka zuba sukari da ruwa cikin kwano aka ajiye shekara guda, ba za su zama man lemo ba. Lalle sai da ma'aikaci. Jikin tsiro an yi shi ne da ƙananan ɗakuna miliyoyi, waɗanda a ke kira sel, a cikin kowane ɗaki kuma akwai waɗansu halittu da a ke kira inzayim. Inzayim ba shi da rai. Wani dogon zare ne na furotin da ya naɗe kansa ya yi wata siffa ta musamman, aikinsa kuwa shi ne ya kama abu ya juya shi ya zama wani abu, sa'an nan ya sake shi ya kama na gaba, shi kansa ba ya ƙarewa. Kowanne da sana'arsa, ba ya shiga ta ɗan'uwansa, kamar yadda majemi ke miƙa wa baduku, baduku ya miƙa wa ɗan kasuwa.

Aikin ƙanshi hawa uku ne bayan an sami tubali. Ma'aikacin farko shi ke ɗinke tubala 2 ko 3 ko 4 su zama sarƙa miƙaƙƙiya. Wannan sarƙa ba ta da ƙanshi ko kaɗan, domin a wutsiyarta akwai wani ƙulli mai nauyi na fosfet da ke riƙe ta cikin ruwan ɗakin.

Ma'aikaci na biyu shi ne gwanin, shi ya kamata a tsaya a kansa. A jikinsa akwai wani rami kamar aljihu. Sarƙar ta kan shiga aljihun ta lanƙwashe yadda bangonsa ya tilasta mata. Sa'an nan, da taimakon ma'adinin magnisiyam, sai ma'aikacin ya fizge ƙullin nan na wutsiya. Da zarar an fizge shi sarƙar ba ta da zama lafiya: wurin da aka yanke yana neman abin da zai kama, sai ya kama wani sashe na jikin sarƙar da ke kusa da shi, ta rufe ta zama zobe. Wani lokaci ta yi zobe biyu ko uku, wani lokaci ƙwayoyinta su yi musayar wuri. Duk wannan cikin ƙiftawar ido ya ke faruwa, aljihun kuwa yana tare ruwa kada ya shigo ya ɓata aikin tun bai ƙare ba. Abin da ya fito daga aljihun shi ne mai mai ƙanshi. Watau siffar aljihu ita ce ke yanke hukuncin ƙanshin da za a samu, kamar yadda zubin maƙerin farfaru ke yanke siffar abin hannu. Sarƙa ɗaya mai kabon 10, idan ta shiga aljihun ma'aikacin lemo ta fito limonin, wanda ya fi kashi 90 cikin 100 na man ɓawon lemon zaƙi. Idan ta shiga na itacen turare ta fito siniyol, mai buɗe hanci.

Ba kowane aljihu ne matsattse ba. Wanda ya yi sako-sako ya kan bar sarƙa ta juya ta fuskoki da yawa. A 1998 aka sami wani irin wannan ma'aikaci a jikin wani itacen Amurka yana fitar da mayuka 52 daga sarƙa ɗaya. Wannan na cikin dalilin da ya sa ƙanshin tsiro ba ya zama abu guda, kullum gauraye ya ke, ya sa kuma turaren kanti da aka haɗa da abu biyu ko uku ba ya kai na asali.

Ma'aikata na uku su ne masu ado. Su kan ɗauki zoben su liƙa masa ƙwayar iskar oksijin a wani wuri, ko su rage wani abu, ko su ƙara. Na'ana'a ta isa misali. Akwai iri biyu sanannu, wadda aka fi sa wa a shayi, da wadda a ke samun mentol daga gare ta, watau abin nan mai sanyi da ke cikin minti da mantaleta. Dukansu da limonin su ke farawa. A ta shayi, mai ado yana liƙa oksijin a ƙwayar kabon ta 6 cikin zoben, daga nan hanya ta bi ta kai ga ƙanshin da masu shayi suka sani. A ɗayar kuwa a ƙwaya ta 3 ya ke liƙawa, hanya ta kai ga mentol, matakai 8 ke nan tun daga tubali. Rodney Croteau da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Washington ta Amurka su suka bi wannan hanya mataki mataki. A shekarar 2000 suka nuna cewa idan aka sake ɗuwatsu ɗaya tak cikin ɗaruruwan da ke jikin mai adon na'ana'ar shayi, sai ya koma liƙawa a ƙwaya ta 3.

Inda umurnin ya ke a rubuce

Tambayar da ta rage ita ce wa ke gaya wa lemo ya yi ma'aikacin limonin, citta kuma ta yi nata. Malaman hakimai za su fi kowa saurin gane amsar, domin ta yi kama da aikin ofis. A tsakiyar kowane ɗaki na jikin tsiro akwai babban littafi da ba a fita da shi waje, shi ne a ke kira DNA. Da haruffa 4 kaɗai aka rubuta shi. Kowane babi da ke bayanin yadda za a yi ma'aikaci ɗaya shi ne ƙwayar gado. Idan ana bukatar ma'aikaci sai a kwafi babinsa, a fita da kwafen zuwa wurin ƙira, a karanta shi haruffa uku uku. Kowaɗanne uku suna kiran ɗuwatsu ɗaya daga cikin iri 20 da a ke kira amino asid, a yi ta jera su har zaren ya cika ya naɗe kansa. Ma'aikacin limonin na na'ana'a ɗuwatsu wajen 600 gare shi. Idan harafi ya sake a littafi, ɗuwatsu ya sake a zare, bangon aljihu ya ɗan motsa, ƙanshi kuma ya sake. Littafin nan shi ne ke bin iri daga uwa zuwa 'ya'ya.

A 1992 aka fara ware ƙwayar gadon irin wannan ma'aikaci daga tsiro, daga taba, a 1993 kuma aka ware ta limonin daga na'ana'a. Yanzu da a ke iya karanta littafin tsiro dukansa, an ƙidaya su. Tumatir yana da fiye da 30, inabi wajen 69, wani irin itacen turare kuwa da aka karanta littafinsa a 2014 an sami 113. Yawan nan ya samu ne ta hanyar kuskuren kwafe. A kan sami babi ya fito sau biyu. Na farko ya ci gaba da aikinsa, na biyu kuwa tun da ba a dogara gare shi ba, haruffansa su yi ta sakewa zuriya bayan zuriya, har ya mutu ko ya haifi sabon ƙanshi.

Kowane ɗaki yana riƙe da littafin dukansa, amma ba kowane babi ya ke buɗewa ba. A na'ana'a 'yan jakunkunan da ke kan ganye su ke buɗe babin ƙanshi. A lemo na cikin ɓawo ne, a hano kuma na cikin hanyoyin ƙaro da ke ƙarƙashin ɓawon itace. Dalilin keɓewar shi ne mayukan nan idan suka yi yawa guba ne ga tsiron kansa. Lokaci ma yana da nasa hukunci: akwai furannin da ba su buɗe babin sai da dare, sa'ad da ƙwarin da ke ɗaukar musu garin fure ke yawo. Zafi da fari da irin ƙasa kuma suna ƙara yawan mai ko su rage shi. Saboda haka iri shi ke yanke abin da tsiro zai iya yi, gona da damina su ke yanke yawan abin da zai yi.

Abin da tsiro ke nema da ƙanshi

Tsiro ba ya gudu, ba ya kuwwa. Da waɗannan mayuka ya ke korar maƙiyi, da su ya ke kiran mataimaki.

A 1990 masana a Florida ta Amurka suka nuna cewa idan tsutsa ta fara cin ganyen masara, cikin 'yan sa'o'i masarar ta kan fara fitar da tarfin da ba ta fitarwa a da. Yankan wuƙa kaɗai ba ya jawo wannan sosai, sai miyan bakin tsutsar ya taɓa raunin. Ƙanshin yana kiran waɗansu ƙananan ƙwari dangin zanzaro, su zo su sa ƙwansu cikin jikin tsutsar, 'ya'yansu su cinye ta. A 2006 aka gano ƙwayar gado ɗaya da ke da alhakin mafi yawan wannan kira. Saiwa ma tana da nata kiran a ƙarƙashin ƙasa, an kuwa tarar da yawa daga irin masarar da aka kyautata a Amurka sun daina yinsa: babin yana nan cikin littafi, amma ba a buɗe shi. Masu zaɓen iri sun bi yawan amfani, ba su san sun zubar da wani abu a hanya ba. Haka nan a 2011 masu bincike a Kenya da Ingila suka ga waɗansu tsofaffin irin masara na manoma suna fara kiran tun tsutsa tana ƙwai, alhali irin kamfani da aka gwada tare da su ba su yi. Tun da tsutsar nan mai cin masara ta shigo Afirka a 2016 wannan magana ta ƙara nauyi. Ba a cewa manomi ya ƙi sabon iri, domin amfaninsa a fili ya ke. Amma ƙasar da ta bar tsofaffin irinta na dawa da gero da masara suka ɓace ta yi asarar littattafan da ba a gama karantawa ba, ya kamata hakimi ya san gidajen da ke riƙe da su. Ya kamata kuma a san cewa feshin da aka yi barkatai yana kashe mataimakan da masarar ta kira tare da tsutsar.

Wanda ya duba ganyen auduga da karanta da anguryarta zai ga 'yan ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Jakunkuna ne na wani tarfin mai guba da a ke kira gosifol. An taɓa fitar da auduga marar ɗigon nan don a ci anguryarta, sai ƙwari suka far mata. A 2006 masana a Texas suka rufe babin a cikin angurya kaɗai suka bar shi a buɗe a ganye, Amurka kuma ta yarda da noman wannan iri a 2018. Audugar da a ke nomawa a ƙasar Hausa mai ɗigo ce. Manyan shanu suna iya cin anguryarta daidai gwargwado, domin tumbinsu yana rage gubar, amma 'yan maruƙa da kaji ba su da wannan kariya, kada a cika musu ita.

Darbejiya, wadda aka kawo Barno a 1928, ita ma da wannan makami ta ke faɗa. A 1959 wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya ga fara ta cinye kome a wani wuri a Sudan ta bar darbejiya. A 1968 aka ware abin da ke hana ta ci, wanda ya fi yawa cikin 'ya'yan. Masana a Ingila sun shekara 22 kafin su iya haɗa shi da hannu a 2007, itacen kuwa yana yinsa kowace shekara a bakin hanya. Hasken rana yana lalata shi da sauri, shi ya sa a ke fesa ruwan 'ya'yan darbejiya da yamma, a kuma maimaita.

Ƙuduji

Wannan ita ce maganar da ta fi kowace shafar talakawa. Irin ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta, ƙanana ne kamar ƙura. Tsiro ɗaya yana zubar da dubbai, suna kuma iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10. Ba su tsira don ruwa kaɗai, sai sun ji alamar saiwar da za su kama. A 1966 aka fara ware wannan alama, aka tarar 'yar dangin tarfin ce, daga masu kabon 40 a ke yanko ta, ko da ya ke hancin mutum ba ya jinta. An daɗe ana mamakin abin da zai sa dawa ta kira mai kashe ta. A 2005 masana a Japan suka ba da amsa: dawa tana kiran wata funfuna ce mai zare-zare da ke cikin ƙasa, wadda ke kawo wa saiwa fosfaras, ƙuduji kuwa satar ji ya ke yi. Idan ƙasa ta rasa fosfaras sai dawa ta ƙara ƙarfin kiran. A nan ne maganar manoma ta cewa ƙuduji ciwon gajiyayyar gona ne ta sami hujja, a nan kuma a ke gane abin da ya sa takin gida da takin sufa ke rage shi.

Akwai irin dawa da ƙuduji ba ya damunta ƙwarai. A 2017 masana a Jami'ar Purdue, cikinsu har da Gebisa Ejeta mutumin Habasha, suka nuna cewa ƙwayar gado ɗaya ce ta lalace a cikinta, sai saiwarta ta koma fitar da wata alama dabam wadda ƙudujin ba ya amsawa sosai. Masu kyautata iri suna iya bin wannan ƙwaya su shigar da ita cikin irin da manoma ke so ta hanyar barbara. Auduga da waken soya kuma suna fitar da alamar, ƙudujin dawa ya tsira, ya rasa abin kamawa ya mutu, don haka juya shuka da su yana rage irin da ke kwance. Sauran aikin na hannu ne, watau a tuge shi kafin ya yi 'ya'ya, a ƙone. Wannan kuwa ba ya yin amfani sai unguwa duka ta yi tare, abin da ba mai iya sa wa sai hakimi da dagatansa.

Magani da kasuwa

Babban maganin zazzaɓin cizon sauro na yanzu tarfin ne mai kabon 15, daga wani tsiro na ƙasar Sin dangin tazargade. Wata masaniya, Tu Youyou, da ƙungiyarta suka ware shi a 1972, ta sami kyautar Nobel a 2015. Da aka gano ƙwayoyin gadonsa sai aka kwafe su aka sa cikin yisti, irin na masu burodi. A 2006 yistin ya fara yin abin da a ke juyawa ya zama maganin, a 2013 kuma aka fara yinsa don sayarwa, ko da ya ke har yanzu daga gonaki mafi yawansa ke fitowa. Yawan maganin cikin ganye ya danganta ga iri da gona da lokacin yanka, ba mai iya saninsa da ido. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2019 kada a sha ganyen a madadin ƙwayar asibiti, domin maganin da bai kai ƙima ba ba ya gama kashe cutar, yana kuma iya koya mata jurewa.

Citta kuwa ana sayenta ne don yajinta da manta. Ɗakunan man sun fi yawa dab da ɓawo, wanda ya fere ta da zurfi ya zubar da kuɗinsa, shi ya sa tsagawa a shanya ta fi. Tun da man mai bin iska ne, zafi mai yawa da daɗewar ajiya da niƙa tun ba a tashi sayarwa ba duk suna rage shi. Da saiwa a ke shuka citta, don haka kowace gona kwafen uwarta ce. Wannan ya sa Tafin Giwa da Yatsun Biri ke riƙe ƙanshinsu shekara da shekaru, shi ne kuma ya sa cuta idan ta iya da ɗaya ta iya da sauran, kamar yadda aka gani a kudancin Kaduna a 2023.

Hano, wanda masana suka sa wa sunan likita Dalziel, mai littafin sunayen itatuwa da Hausa na 1916, ƙaronsa ɗaurin rauni ne gare shi, da shi ya ke toshe ƙofa ga ƙwari da cuta. Kowane tsagi yana tilasta masa ya kashe sukarin da zai yi fure da 'ya'ya da shi. A 2006 aka auna wannan a jikin ɗan'uwansa mai ba da lubban a Iritiriya: 'ya'yan itatuwan da ba a tsaga ba fiye da 80 cikin 100 sun tsira, na waɗanda aka matsa wa kuwa 16 kaɗai. Inda a ke ɓare hano don magani ko turare, ya kamata dagatai su hana a ɓare shi kewaye, a kuma bar itacen da aka taɓa ya huta har rauninsa ya rufe kafin a koma masa.